Sauye-sauyen Kiromosom a Sankarar Jini ta CML da Muhimmancin Gwajin Ɓargo ga Majinyatan Jega, Aliero da Maiyama

Tsakure

Sankarar jini mai tasowa daga ɓargo a hankali, wadda likitoci ke taƙaita sunanta da CML, ita ce sankara ta farko da aka gano tushenta a cikin kiromosom. Wannan takarda ta bayyana yadda musanya tsakanin kiromosom na 9 da na 22 ke haifar da cutar, da ƙarin sauye-sauyen da ke biyo baya idan ta daɗe ba a yi mata magani ba. Matsayin takardar shi ne, majinyacin da ya zo a makare, kamar yadda mutanenmu suka saba zuwa, ya fi kowa buƙatar a duba kiromosom ɗin ɓargonsa gaba ɗaya, kuma gwajin PCR, duk da sauƙinsa, ba zai maye gurbin wannan ba.

1.0 Gabatarwa



A ƙasar fadama irin tamu, kumburin saifa ba baƙon abu ba ne. Binciken zazzaɓin cizon sauro na ƙasa na 2021 ya nuna kashi 49 cikin 100 na yaran Kebbi 'yan ƙasa da shekara biyar suna ɗauke da ƙwayar cutar a jininsu, adadi mafi girma a Nijeriya. Ga nau'in tsargiya mai kama hanji da hanta, ga sikila. Saboda haka idan magidanci ɗan shekara talatin da biyar ya taso daga Dangamaji ya zo asibiti yana cewa gefen cikinsa na hagu ya yi nauyi, loma uku ke ƙosar da shi, yana zufa cikin dare, yana ramewa, abin da zai fara zuwa zuciyar mai duba shi shi ne maleriya ko taifot. Sau da yawa idan ya ɗaga riga za a ga tabon tsagar wanzami a kan saifar, wasu sun warke, wasu sababbi, alamar cewa ciwon ya yi watanni yana jinya a gida. A taɓa cikin, a ji saifa ta sauko ta wuce cibiya, da tauri.

Ƙidayar jini ta yau da kullum ce ke tona asirin. Fararen ƙwayoyin jini, da ya kamata su tsaya tsakanin 4,000 da 11,000 a kowane maikurolita, sai a same su sun haura 100,000. Jinin kan yi kauri har ya taɓa ji ko gani, wasu mazan kuma gabansu ya miƙe ya ƙi kwanciya, su ɓoye saboda kunya. Amma ƙidaya zato kawai take bayarwa. Tabbacin cutar yana cikin kiromosom.

CML ba ta da yawa. A duniya tana kama mutum 1 zuwa 2 cikin kowane 100,000 a shekara, kuma ita ce kusan kashi 15 cikin 100 na sankarar jinin manya. Ƙidayar 2006 ta ba ƙananan hukumomin Jega, Aliero da Maiyama mutum sama da 400,000 a haɗe. Ko da mun ɗauki mafi ƙarancin ƙiyasin, mun kuma rage saboda yawan yara a cikinmu, ana maganar mutane ƙalilan ne kowace shekara. Wannan ƙarancin ne ke sa a manta da su, alhali tasu na cikin sankarar da aka fi iya sarrafawa a yau.

2.0 Kiromosom na Filadelfiya

Tun 1845 John Hughes Bennett a Edinbara da Rudolf Virchow a Balin suka bayyana majinyata masu ƙatuwar saifa da jini mai fari-fari. An shafe fiye da shekara ɗari ba a san musabbabin ba, domin sai a 1956 ne Tjio da Levan suka tabbatar cewa ƙwayar jikin ɗan Adam tana ɗauke da kiromosom 46, wato biyu-biyu sau 23. Shekara huɗu bayan haka, a 1960, Peter Nowell da David Hungerford a birnin Filadelfiya na Amurka suka lura da wani ɗan guntun kiromosom a jinin masu CML, wanda babu shi a jinin masu lafiya. Aka sa masa sunan birnin. An ɗauka wani yanki ne ya gutsure ya ɓace, har zuwa 1973 lokacin da Janet Rowley ta Jami'ar Shikago, da taimakon sabuwar dabarar rina kiromosom ya fito da zane-zane, ta nuna cewa ba abin da ya ɓace. Musanya aka yi: ƙarshen dogon hannun kiromosom na 22 ya koma kan na 9, wani ɗan yanki na 9 ya dawo kan na 22. Ana rubuta shi t(9;22)(q34;q11).

A shekarun 1980 aka gano abin da ke faruwa a mahaɗar. Ƙwayar gado mai suna ABL1 daga kiromosom na 9 tana manne wa wata mai suna BCR a kan na 22, su zama abu guda, BCR-ABL1, wanda ke samar da furotin da ake kira p210. ABL1 na asali yana ba ƙwayar ɓargo umarnin rabuwa ne idan da buƙata, sannan ya yi shiru. Wanda ya manne da BCR ba ya shiru. Kamar injin ban-ruwa ne a gonar albasa da makunninsa ya maƙale: ruwan da ake so ne yake fitarwa, amma ba ya tsayawa har sai kwamin ya nutse. A 1990 Daley da Van Etten da Baltimore suka sa wannan ƙwayar gado a ɓargon ɓeraye, ɓerayen suka kamu da cuta irin CML, aka tabbatar ita ce musabbabi.

Akwai abin da ya wajaba mu riƙa faɗa wa iyalai tun ranar farko. Wannan musanya tana faruwa ne a ƙwayar ɓargo guda, bayan an haifi mutum ya girma. Ba ta cikin maniyyi, ba ta cikin ƙwan mace. Ba a gadonta, ba a ɗaukarta, kuma gwajin jini kafin aure ba ya da alaƙa da ita. Mutanenmu sun san sikila, don haka da sun ji an ce kiromosom sai hankalinsu ya tafi kan 'ya'ya da surukai, a fara tunanin fasa baiko. Abin da kimiyya ta tabbatar yana ƙara haɗarin cutar shi ne tururin nukiliya mai ƙarfi, kamar yadda aka gani a waɗanda suka tsira daga bama-baman Hiroshima da Nagasaki na 1945. Yawancin majinyata ba su taɓa kusantar irin wannan ba.

Kashi 90 zuwa 95 cikin 100 na masu CML suna da musanyar a siffarta ta asali. A kashi 5 zuwa 10 takan haɗa da kiromosom na uku ko na huɗu, a wasu 'yan kaɗan kuma takan ɓuya ta yadda madubin likita ba zai gan ta ba, sai da wani gwajin. A zamanin magungunan yanzu, waɗannan bambance-bambance ba su cika canza makomar majinyaci ba.

3.0 Hanyoyin gani guda uku

Hanya ta farko, kuma mafi tsufa, ita ce duba kiromosom gaba ɗayansu, abin da ake kira kariyotaif. Ana zuƙo ɓargo daga ƙashin ƙugu ta baya, mililita ɗaya zuwa biyu, a zuba a kwalba mai hefarin. Dole ƙwayoyin su isa ɗakin bincike da ransu, domin sai sun rabu ake ganin kiromosom ɗinsu. Ana renonsu awa 24 zuwa 48 a zafin digiri 37, a sa musu kolsemid ya tsayar da su a tsakiyar rabuwa, a jiƙa su da ruwan gishirin fotasiyam su kumbura, a daskarar da su da gaurayen metanol da asid, sannan a ɗiga su a kan gilashi su fashe, kiromosom su watsu. A rina da Giemsa, zane ya fito. Daga nan ma'aikaci zai zauna a gaban madubi ya jera su biyu-biyu, daga na 1 zuwa na 22 da na jinsi, a ƙwayoyi aƙalla 20. Aiki ne na ido da haƙuri, kuma mutum yakan yi watanni masu yawa yana koyo kafin a amince da karatunsa.

Hanya ta biyu ita ce FISH, inda ake sa wa ABL1 jan launi mai ƙyalli, BCR kuma kore. A ƙwaya mai lafiya ana ganin ja biyu da kore biyu a rabe. A mai cuta launukan kan haɗu su ba da rawaya. Ba ta buƙatar ƙwaya mai rabuwa, ana yin ta da jinin hannu, kuma ita ke kamo ɓoyayyiyar musanya.

Ta uku ita ce PCR, mai auna yawan saƙon BCR-ABL1 a jini, wadda ke iya gano ƙwaya mai cuta guda cikin dubun dubata. Ita ce ma'aunin bibiyar magani, kuma ga mu nan akwai albishir a cikinta, domin na'urar GeneXpert da shirin yaƙi da tarin fuka ya rarraba a asibitocin Nijeriya tun 2011 tana karɓar kwanson gwajin BCR-ABL1, ta ba da sakamako cikin 'yan awoyi.

Sai dai FISH da PCR tambaya ɗaya suke amsawa: akwai BCR-ABL1 ko babu, kuma nawa ne. Ba sa ganin abin da ke faruwa a sauran kiromosom. Kariyotaif ne kaɗai cikin ukun ke ganin wannan, kuma a nan nauyin maganata yake.

4.0 Ƙarin sauye-sauye

CML ba ta zama a inda ta fara. Furotin BCR-ABL1, baya ga tura ƙwayoyi su yawaita, yana raunana gyaran DNA, don haka kowace shekara da cutar ta yi ba magani, kurakurai na taruwa. Daga matakin farko mai sauƙi, wanda kan ɗauki shekara uku zuwa biyar, sai ta rikiɗe zuwa mataki na ƙarshe inda ɗanyun ƙwayoyi da ba su nuna ba suka kai kashi 20 cikin 100 ko fiye a jini ko ɓargo, ta zama kamar sankarar jini mai saurin kisa. A tsakani akwai matakin da ake kira na hanzari, wanda rabe-raben Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 suka cire, wani rukunin masana kuma a shekarar ya riƙe shi. Wannan saɓani bai canza abin da madubi ke nunawa ba: a lokacin gano cutar, kashi 5 zuwa 10 ne kawai ke da ƙarin sauyi ban da Filadelfiya, amma a mataki na ƙarshe adadin yakan kai kashi 60 zuwa 80.

Felix Mitelman na Suwidin ne ya lura tun shekarun 1970 cewa sauye-sauyen ba a warwatse suke zuwa ba. Guda huɗu ne suka fi maimaituwa, ya kira su babbar hanya. Na farko ƙarin kiromosom na 8, ya zama uku maimakon biyu, wanda ke ƙara kwafin MYC, ƙwayar gado mai ingiza rabuwa. Na biyu ƙarin kiromosom na Filadelfiya kansa, ya zama biyu, furotin mai cutar ya ƙaru, adadin maganin da ya isa jiya ya kasa isa yau. Na uku shi ne i(17q), inda gajeren hannun kiromosom na 17 ke ɓacewa dogon ya ninku. Wannan ya fi tayar da hankali, domin a kan gajeren hannun ne TP53 ke zaune, wato ƙwayar gadon da ke umartar ƙwaya mai lahani ta mutu. Na huɗu ƙarin kiromosom na 19, wanda galibi yakan zo ne tare da wasu. Sauran, irin su ɓacewar kiromosom na 7, sauyi a 3q26 da 11q23, da ɓacewar Y, an sa su a ƙaramar hanya saboda ba su kai waɗancan yawa ba.

Alƙaluman da suka fi bayyana nauyin wannan sun fito ne daga binciken CML na huɗu na Jamus, wanda Fabarius da abokan aikinta suka wallafa a 2011. Cikin majinyata 1,151 masu shan maganin imatinib, 79 ne aka samu da ƙarin sauyi tun farko, 16 daga cikinsu na babbar hanya. Bayan shekara biyar, kashi 92 cikin 100 na masu Filadelfiya kaɗai suna raye. Na masu babbar hanya kashi 53 ne. Magani ɗaya, kulawa ɗaya. Waɗanda suka rasa Y kuwa makomarsu ba ta bambanta da ta sauran ba, dama maza kan rasa shi a ɓargo idan shekaru suka ja.

Binciken baya-bayan nan ya gyara tsohon rabon. Ɓacewar 7 da sauyin 3q26, duk da suna ƙaramar hanya ta fuskar yawa, suna cikin mafi muni ta fuskar sakamako. Shi ya sa ƙa'idojin ƙungiyar masana sankarar jini ta Turai na 2020 suka tattara masu haɗari wuri guda: ƙarin 8, Filadelfiya na biyu, i(17q), ƙarin 19, ɓacewar 7 ko dogon hannunsa, 11q23, 3q26.2, da kariyotaif mai sarƙaƙiya. Wanda aka same shi da ɗaya daga ciki ana sa masa ido sosai, a yi saurin canza magani idan bai amsa ba, a kuma fara maganar dashen ɓargo da wuri.

Wani abu da ke rikita sababbin likitoci: bayan magani ya kori ƙwayoyin Filadelfiya, a wasu majinyata kan ga sauyi a ƙwayoyin da ba su da Filadelfiya sam, galibi ƙarin 8 ko ɓacewar Y. Yawanci ba su da illa, wasu ma sukan ɓace da kansu. Ɓacewar 7 ce ake tsoro, domin tana iya kaiwa ga wata cutar ɓargon daban.

5.0 Magani da ma'auninsa

Kafin ƙarnin nan, busulfan da haidiroksiyuriya ne abin dogaro. Suna sauke ƙidaya, saifa ta motse, majinyaci ya ji daɗi, amma Filadelfiya na nan daram, cutar kuma na ci gaba da tafiyarta. Ina jaddada wannan ne saboda haidiroksiyuriya tana samuwa a shagunan magani saboda masu sikila, kuma abu ne mai sauƙi a ɗora mutum a kanta shekara biyu ana murna da ƙidaya mai kyau, lokacin da ƙarin sauye-sauye ke taruwa a ɓargonsa.

Imatinib, wanda Brian Druker da Nicholas Lydon suka jagoranci samar da shi, aka amince da shi a Amurka a watan Mayun 2001, yana toshe furotin ɗin kai tsaye. Bibiyar shekara goma ta binciken IRIS ta nuna kusan kashi 83 cikin 100 suna raye. Bayansa dasatinib ya zo a 2006, nilotinib a 2007, bosutinib da ponatinib a 2012, asciminib a 2021, biyun ƙarshe suna aiki har kan sauyin T315I na BCR-ABL1 da ke gagarar sauran. Ma'aunin nasara a bayyane yake: BCR-ABL1 ya sauka zuwa kashi 10 cikin 100 ko ƙasa a wata uku, kashi 1 a wata shida, kashi 0.1 a wata goma sha biyu. Wanda ya kasa kaiwa ga waɗannan, tambaya ta farko ita ce ko yana shan maganin kullum. Ta biyu ita ce me ɓargonsa ke nunawa.

6.0 Hanyar Ile-Ife

A 2003 masu CML a Nijeriya suka fara samun imatinib, mai sunan kasuwa Glivec, kyauta ta shirin GIPAP na kamfanin Novartis da gidauniyar Max, wanda Asibitin Koyarwa na Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife ya zama cibiyarsa, ƙarƙashin Farfesa Muheez Durosinmi. Rayuka da yawa sun tsira ta wannan hanya. Rahotannin cibiyar sun nuna abu biyu da suka shafe mu. Majinyatan Nijeriya matasa ne, matsakaicin shekarunsu bai kai arba'in ba, alhali a Turai ya haura hamsin da biyar. Kuma da yawansu suna zuwa ne da babbar saifa, bayan cutar ta daɗe.

Matashi yana da shekaru talatin ko arba'in na shan magani a gabansa, mace kuma tana cikin shekarun haihuwa, ga shi imatinib na iya lahanta ɗan tayi, don haka duk shawarar ɗaukar ciki na buƙatar PCR a kai a kai. Zuwa a makare kuwa yana nufin cutar ta samu lokacin tara sauye-sauye. Ke nan wanda ya fi buƙatar kariyotaif shi ne wanda ya fi nisa da shi. Daga Jega zuwa Ile-Ife ya fi kilomita 600, ta Koko, Yawuri, Kwantagora, Mokwa, Jebba da Ilorin. Manomin Maiyama da zai yi wannan tafiya sai ya sayar da buhunan shinkafa, ya nemi ɗan rakiya, ya bar gona. Ɓargon da aka zuƙa kuwa ana so ya isa ɗakin bincike cikin kwana guda, ba a daskare ba, ba a gasa ba, a yankin da zafin Maris da Afrilu ke haura digiri 40. Ɗakunan binciken kiromosom ƙalilan ne a ƙasar nan. Dashen ɓargo, wanda aka fara yi a Nijeriya a birnin Benin a 2011 ga wani yaro mai sikila, ya fi ƙarfin aljihun yawancin iyalai, abin da ke ƙara wajabta a gano mai haɗari tun magungunan sha na iya riƙe shi.

Aikin Jerald Radich na cibiyar Fred Hutchinson a Amurka ya nuna ana iya ɗiga jini a takarda ta musamman, a busar, a aika da shi nesa a yi PCR. Wannan ya rage wahalar tabbatar da cutar. Bai warware maganar kariyotaif ba, domin busasshiyar ƙwaya ba ta rabuwa.

7.0 Kira

Tun da majinyatan ba su da yawa, ba ɗaki a kowace ƙaramar hukuma ake buƙata ba. Ɗaki ɗaya mai aiki kullum ya isa Kebbi da Sakkwato da Zamfara, ko a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, ko a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Birnin Kebbi, dukkansu tafiyar da ba ta kai yini ba daga Jega. Kayan aikin ba su fi ƙarfin jiha ba: akwatin renon ƙwayoyi, madubi mai kyau da kyamara, wutar sola da ba ta yankewa. Abin da ya fi tsada shi ne ma'aikacin da ya iya karatun zane, kuma Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliero tana yaye matasan da za a iya tura biyu ko uku daga cikinsu su koyo. Ɗakin ba zai zauna banza ba, domin sauran sankarar jini, da yara masu nakasar haihuwa, da matan da ke yawan ɓari duk suna buƙatarsa.

Ga Kwalejin Kimiyya da Fasahar Lafiya ta Jega, wadda ɗalibanta ne ke riƙe da ƙananan asibitocin ƙauyukanmu, roƙona ɗaya ne: a koya musu cewa duk baligin da saifarsa ta kumbura, ya sha maganin maleriya bai ji sauƙi ba, a yi masa cikakkiyar ƙidayar jini kafin a sake rubuta masa wani. Idan fararen ƙwayoyi suka yi yawa fiye da kima, a tura shi wurin likitan jini a makon nan. Ga 'yan uwana likitocin jini kuma, kada sauƙin PCR ya sa mu daina zuƙar ɓargo a ranar farko. Ga hukumar inshorar lafiya ta jiha, KECHEMA, da Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Kebbi, tun da an ɗauke wa majinyaci kuɗin magani, ku sa gwajin BCR-ABL1 da kariyotaif cikin abubuwan da inshorar lafiya ta jiha ke biya.